Yadda Ake Gyara Lambobin Shafi Idan An Zo Buga Jadawalin Lissafi

Duk wanda ya taɓa buga rahoto ko jerin sunaye daga Excel ya san takaicin da ke cikin ɗauko takardu daga bakin firinta, a duba gindinsu a ga an rubuta shafi na 10 cikin 6, ko a ga takardu uku a jere kowace tana ɗauke da lamba 1, ko kuma a tarar da farar takarda fes wadda babu komai a kanta sai lamba ita kaɗai. Abin da yawancin mutane ke yi a wannan hali shi ne su koma kan lambar su yi ta taɓe-taɓe, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Manhajar rubutu irin Word tana da shafuka tun daga lokacin da aka fara rubutu, amma jadawalin lissafi fili ne shimfiɗaɗɗe wanda ba shi da shafi ko ɗaya, domin falle guda a Excel yana da layuka 1,048,576 da ginshiƙai 16,384. Sai an zo bugawa ne manhajar take yayyanka wannan fili gwargwadon girman takarda da tazarar gefe da irin firintar da aka zaɓa, sannan ta ƙirga yankan ta ba kowane lamba. Saboda haka lambar shafi ita ce abu na ƙarshe da ake gyarawa, kuma wanda ya fara da ita zai sake gyara ta duk lokacin da yankan ya motsa.

A cikin wannan bayani, idan na ce falle ina nufin abin da manhajar ke kira Sheet, wato kowane ɗaya daga cikin sassan da sunayensu ke jere a ƙasan fayil, idan kuma na ce shafi ina nufin abin da zai fito a fuska ɗaya ta takarda. Sunayen maɓallai zan kawo su yadda suke rubuce a kan allo, domin ta haka ne za ka gane su.

Mataki na farko shi ne ka adana kwafin fayil ɗin da wani suna, sannan ka danna Ctrl da P ka dubi samfurin abin da za a buga. A ƙasan samfurin akwai ƙidayar shafuka, kuma ita ce shaidarka ta farko. Idan kana tsammanin shafi 4 ka ga 11, ka bar zancen lamba tukuna. Ka koma kan fallen, ka shiga View ka zaɓi Page Break Preview, inda za ka ga jadawalin a yayyanke da shuɗayen layuka. Layi mai tsinke-tsinke yanka ne da manhajar ta yi da kanta, layi miƙaƙƙe kuwa wani ne ya sa shi da hannu. Rubutun Page 1 da Page 2 mai launin toka da ke bayan gurabe nuni ne kawai ga mai aiki, ba ya fitowa a takarda, kuma ganinsa ba ya nufin an riga an sa lamba.

Mataki na biyu shi ne ka tantance abin da zai shiga takarda. Ka danna Ctrl da End, za ta kai ka gurbi na ƙarshe da manhajar take ɗauka ana amfani da shi. Mu ɗauka jadawalinka ya tsaya a H120, amma sai ka ga ta jefa ka T900. Wannan yana nuna cewa a can nesa akwai wani abu da ido bai kama ba, ko dai tazara ɗaya da yatsa ya danna bisa kuskure, ko layin kewaye da aka ja ya zarce, ko wani lissafi da sakamakonsa bai nuna komai ba. Excel yana buga shafin da ba komai a cikinsa matuƙar akwai wani abu a shafin da ke bayansa, kuma kowane irin wannan farin shafi yana cin lamba, yana ƙara jimilla. Ka zaɓi layukan da suka wuce ƙarshen aikinka gaba ɗayansu tun daga lambobinsu na gefe, ka danna dama ka zaɓi Delete, haka ma ginshiƙai, sannan ka adana fayil ɗin kafin ka sake gwada Ctrl da End. Goge abin da ke cikin gurabe da maɓallin gogewa kawai ba ya wadatarwa, domin yana barin adon da aka yi musu.

Idan akwai lissafin wucin gadi a gefe wanda kake bukata amma ba ka son ya fito, ka zaɓi iyakar abin da kake so, ka shiga Page Layout, ka danna Print Area sannan Set Print Area. Sai dai ka riƙe abu biyu. Idan ka zaɓi yankuna biyu da ba su haɗe ba, kowanne zai fito a nasa shafin ko da ƙanana ne. Kuma idan daga baya ka ƙara layuka a ƙarƙashin iyakar da ka shata, ba za su fito ba har sai ka faɗaɗa ta, wanda yakan sa rahoto ya fito da lambobi a jere lafiya lau alhali ƙarshensa ya yanke.

Mataki na uku gajere ne amma ba a tsallake shi. Ka zaɓi firintar da za ka yi amfani da ita da kuma girman takarda tun yanzu. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, ita kuwa Letter da aka saba da ita a Amurka faɗinta kusan 216 ne, tsawonta 279. Wannan bambanci na milimita 18 a tsawo ya isa ya tura layuka uku ko huɗu zuwa shafi na gaba, kuma a dogon jadawali sukan taru su haifi sabon shafi. Excel yana dogara da ma'aunin firintar da aka zaɓa wajen yanka, shi ya sa fayil ɗaya kan ba da shafi 12 a wata kwamfuta, ya ba da 13 a wata.

Mataki na huɗu shi ne faɗi da tsarin bin shafuka. A cikin Page Layout akwai ɗan kibiya a kusurwar sashen Page Setup, idan ka danna ta akwati zai buɗe mai sassa huɗu, wato Page da Margins da Header/Footer da Sheet, kuma kusan duk sauran aikin a cikinsa yake. Idan ginshiƙi ɗaya ko biyu ne suka tsallaka zuwa shafin dama, sun ninka maka yawan shafuka ke nan a banza. A sashen Page ka gwada kwantar da takardar ta hanyar zaɓar Landscape, ko ka zaɓi Fit to ka sa 1 a wajen faɗi, ka share wajen tsawo ka bar shi babu komai, domin manhajar ta matse faɗin kawai ta bar tsawon ya tafi iya tafiyarsa. Ban cika ba da shawarar a sa 1 a duka biyun ba, saboda jadawali mai layi 400 zai dunƙule a takarda ɗaya da rubutun da ba mai iya karantawa, garin neman gira a rasa ido. Haka kuma idan aka ƙayyade wa Fit to adadin shafuka, Excel yana yin watsi da yankan da aka sa da hannu. In kuwa tsofaffin yanka na hannu ne suka dame ka, ka shiga Breaks ka zaɓi Reset All Page Breaks, sannan ka sa naka a inda kake so.

Wani jadawalin faɗinsa ya fi ƙarfin takarda ɗaya ko ta yaya, kuma a nan ne tsarin bi yake da muhimmanci. Ka ɗauka jadawali ne mai faɗin shafi 2 da tsawon shafi 3. A sashen Sheet akwai Page order, kuma abin da manhajar ke zuwa da shi shi ne Down, then over, ma'ana ta gangara ɓangaren hagu ta ba shi 1 da 2 da 3, sannan ta hau ta gangara na dama da 4 da 5 da 6. Sakamakon haka, mai karatu da ya ga sunan mutum a shafi na 1 sai ya je shafi na 4 kafin ya ga sauran bayanansa. Idan ka zaɓi Over, then down, shafi na 1 da na 2 za su zama hagu da dama na layuka ɗaya, wanda shi ne ya fi dacewa da yawancin rahotanni. Mutane da dama kan ce lambobinsu sun hargitse alhali wannan zaɓi ne kaɗai bai yi daidai da yadda suke karantawa ba. Tun kana wurin, ka cika Rows to repeat at top da layin da ke ɗauke da sunayen ginshiƙai domin ya maimaitu a kowane shafi. Idan ka ga wannan gurbi a dushe ba ya dannuwa, to ka buɗe akwatin ne daga wajen samfurin bugawa, sai ka rufe ka buɗe shi daga Page Layout.

Sai a mataki na biyar ne za a sa lambar kanta. Ka shiga sashen Header/Footer ka danna Custom Footer, za ka ga gurabe uku na hagu da tsakiya da dama. Ka danna wanda kake so, ka rubuta kalmar Shafi da tazara, sannan ka danna maɓallin da ke sa lambar shafi, ko ka rubuta &P da hannu. Idan kana son jimilla, ka ƙara kalmar cikin da tazara, ka danna maɓallin jimillar shafuka ko ka rubuta &N. Manhajar za ta nuna waɗannan alamomi a siffa mai ɗan tsawo da ke ɗauke da kalmar Page ko Pages, kuma hakan daidai ne. Babban kuskure a nan shi ne mutum ya rubuta 1 da hannunsa, domin manhajar za ta ɗauke shi a matsayin rubutu ta maimaita shi a kowane shafi. Ana iya yin wannan aiki ta hanyar View da Page Layout ma, amma na fi son akwatin, saboda wancan yanayi ba ya jituwa da layukan da aka daskarar a sama da Freeze Panes, kuma yakan sake su.

Idan ka sa lambar amma ba ka gan ta ba, ka tuna cewa ba ta bayyana a yanayin aiki na kullum, sai a samfurin bugawa. In a samfurin tana nan amma a takarda ta yanke ko ta ɓace, to ta faɗa bakin takarda ne inda firinta ba ta iya kaiwa. A sashen Margins tazarar Footer takan zo a kan santimita 0.76, ta ƙasa kuma 1.91. Ka ɗaga ta Footer zuwa wajen 1.2, amma ka tabbata ta ƙasa ta fi ta da rata mai kyau, in ba haka ba lambar za ta hau kan layin ƙarshe na jadawalin. Idan lambar ta fito 'yar mitsitsiya, alamar Scale with document ce ta matse ta tare da jadawalin, sai ka cire alamar. Idan kuma tana fitowa a shafi ɗaya tana tsallake ɗaya, an kunna Different odd and even pages ne aka cika ɓangare ɗaya kawai.

Mataki na shida shi ne wanda ya fi cin lokaci, wato inda ƙirga za ta fara da yadda za ta bi fallaye da yawa. A ƙasan sashen Page akwai gurbi mai suna First page number, kuma a bisa al'ada an rubuta Auto a ciki. Ma'anar Auto ita ce, idan wannan falle shi ne na farko a cikin abin da aka tura wa firinta a lokaci guda, ya fara daga 1, idan kuwa ba shi ne na farko ba, ya ɗora daga inda na gabansa ya tsaya. Daga wannan ƙa'ida guda ake fahimtar kusan duk rikicin. Mu ɗauki fayil mai falle uku, na farko shafi 4, na biyu shafi 6, na uku shafi 2. Idan ka buga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai fara daga 1. Idan kana son su tafi daga 1 zuwa 12, ka bar Auto a dukkansu, sannan a wajen bugawa ka zaɓi Print Entire Workbook, ko ka riƙe Ctrl ka danna sunayen fallayen da kake so ka buga su a tare. Za su bi tsarin da sunayensu suke jere daga hagu zuwa dama, don haka ka ja su ka jera su tukuna. Idan duk da haka ƙirga ta koma 1 a tsakiya, to a wani falle an rubuta 1 a maimakon Auto, kuma dole ka bi su ɗaya-ɗaya ka duba, domin kowane falle da nasa saitin. Akasin haka kuma, idan so kake kowane falle ya fara daga 1 ko da an buga su tare, sai ka rubuta 1 a kowanne da gangan.

Haka ma rubutun gindin shafi, na kowane falle daban yake, shi ya sa ake ganin lamba a sashen farko na rahoto a rasa ta a sauran. Hanyar da ta fi sauri ita ce ka tsaya a kan fallen da ka riga ka gyara, ka riƙe Ctrl ka zaɓi sauran, ka buɗe Page Setup ka danna OK. Amma wannan hanya tana da kaifi biyu. Na farko, ba lambar kaɗai take kwafewa ba, har da kwanciyar takarda da tazarar gefe da matsewa da lambar farawa, saboda haka fallen da ka kwantar da takardarsa ka haɗa shi da irinsa kawai. Na biyu ya fi haɗari, domin muddin fallaye suna haɗe, duk abin da ka rubuta a gurbi ɗaya yana shiga wannan gurbi a dukkansu. Na taɓa mantawa da haka bayan na gama saita lambobi, na gyara adadi ɗaya a falle na farko, sai washegari na gane ya danne lissafin da ke wannan gurbi a sauran fallayen duka, kuma kwafin da na adana tun farko ne ya cece ni. Da zarar ka gama, ka danna dama a kan sunan falle ka zaɓi Ungroup Sheets, ka kuma duba saman allo ka tabbata kalmar Group ta ɓace daga gefen sunan fayil.

Wani lokaci ba makawa sai an buga fallaye daban-daban, ko kuma jadawalin zai biyo bayan wani rubutu da aka yi a wata manhaja. A misalinmu na sama, sai ka rubuta 5 a falle na biyu, 11 a na uku. Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba, domin &N yana ƙirga shafukan da aka tura a lokacin ne kawai, bai san da lambar farawa ba. Falle na biyu zai tashi daga 5 zuwa 10 amma jimillarsa 6, kuma daga nan ne shafi na 10 cikin 6 yake fitowa. Maganinsa shi ne ka cire &N ka rubuta 12 da hannu, ko ka haƙura da jimillar gaba ɗaya. Ni dai na fi karkata ga cire ta, saboda adadin da aka rubuta da hannu yana zama ƙarya ranar da aka ƙara layi ashirin aka manta da shi.

Bangon rahoto ma yana da nasa tsarin. Idan ba ka son lamba a shafin farko, ka kunna Different first page ka bar gindinsa babu komai, amma ka sani ana ƙirga shi, don haka shafi na gaba zai nuna 2. Idan 1 kake so ya nuna, ka rubuta 0 a First page number. Jimilla kuwa za ta ci gaba da haɗawa da bangon, ta yadda rahoto mai takarda 9 zai ƙare da shafi na 8 cikin 9. Hanya mafi tsafta ita ce a ware bangon a fallensa, a buga shi shi kaɗai.

Ga masu amfani da LibreOffice Calc, matakan farko duk ɗaya ne, amma saitin shafi ba a jikin falle yake ba, yana cikin salon shafi ne wanda fallaye da yawa ke iya tarayya a kansa. Ana shiga ta Format sannan Page Style, kuma duk abin da ka canza zai shafi kowane falle da ke kan wannan salo. A sashen Sheet akwai tsarin bin shafuka da First page number. Ƙirga tana komawa baya ne idan falle na gaba yana kan wani salo daban kuma an kunna lambar farawa a salon. Saboda haka, idan kana son ƙirga ta zarce, ka sa fallayen a salo ɗaya ko ka cire alamar daga salon na biyu, idan kuma kana son kowanne ya fara daga 1, ka ƙirƙiro masa salonsa ta hanyar danna F11. Calc yana da abin da Excel ba shi da shi, wato zaɓin lambobin Rumawa ko haruffa a sashen Page, kuma a cikin Tools da Options, ƙarƙashin saitin bugawa na Calc, akwai Suppress output of empty pages da ke hana fararen shafuka fitowa. A Google Sheets kuwa komai yana gefen dama na allon bugawa, inda ake kunna Page numbers a ƙarƙashin Headers & footers, tsarin bin shafuka kuma yana ƙarƙashin Formatting.

Kafin ka tura wa firinta, ka fitar da aikin a matsayin PDF ka bi shi tun daga shafin farko har na ƙarshe, kana duba gindin kowanne, musamman wuraren da falle ya ƙare wani ya fara. PDF yana kulle yankan da lambobin yadda suke, don haka idan a wata kwamfuta za a buga, shi za ka kai maimakon fayil ɗin Excel. Idan kuma bayan an gama takarda ɗaya ta lalace kana son sake ta, kada ka zaɓi gurabenta ka yi Print Selection, domin za ta fito da lambar farawa a matsayin sabon aiki. Ka maimaita zaɓin da ka yi tun farko, ko falle ɗaya ne ko fayil gaba ɗaya, sannan ka cika gurbin Pages da matsayin takardar a jere kamar yadda ƙidayar ƙasan samfuri ke nunawa. A fallen da ya fara daga 5, takardar da ke ɗauke da lamba 7 ita ce ta uku a jere, saboda haka 3 zuwa 3 za ka rubuta.